Ya Ƙahwar Hajiya?

Ranar da aka ce an mayar da rundunarmu Katsina, kowa a tantinmu sai da ya taya ni murna, ni kuwa na washe baki kamar gonar auduga. Na daɗe a gabas ina kwana a rami, yau ga shi za a kai ni garin da aka yanke mini cibiya. Murnar ba ta je ko'ina ba. Muna sauka daga mota Saje ya jera mu a filin fareti, ya ce duk wanda ya san ɗan ƙasar nan ne ya ɗaga hannu. Na ɗaga da sauri, ina zaton hutu za a ba ni. Ya zo ya tsaya a gabana har ina jin warin tabar bakinsa, ya ce daga yau ni ba ɗan nan ba ne, ba ni da uwa a nan, ba ni da unguwa, in kuma na fita waje fuskata a rufe.

Na ji haushinsa a ranar, amma gaskiya ya faɗa. Wannan yaƙin na cikin gida ne. Wanda ke harbinka daga cikin dawa harshenku ɗaya, kasuwarku ɗaya, wataƙila kun taɓa haɗa sahu a masallacin Juma'a. Ɓarayin daji kuma suna da kunne a ko'ina, daga mai shayi har mai faci, su ne muke kira infoma. Waɗanda muka canza a sansanin sun ba mu labarin wani sojansu ɗan wani ƙauye a yamma, wanda aka gane shi a shingen bincike don ya cire takunkumi zai sha ruwa. Ba a taɓa shi ba. Wansa aka je aka yanka a ƙofar gida, a gaban 'ya'yansa.

Ni uwa gare ni a Gobarau, tsohuwa, ita kaɗai a gidan ubanmu sai wata 'yar haya. Tana da ciwon suga, ya buɗe mata gyambo a ƙafar hagu. Daga sansaninmu zuwa lungunmu ɗan acaɓa ba zai gama ba ka labari ɗaya ba kun isa. Amma na bar ta a kan ina gabas. Idan na kira ta, ko ta sa aka kira ni, don idonta ba ya ganin lambobi sai wani ya latsa mata, sai in ce mata ai nan nesa ce, Hajiya, sai dai addu'a. Wani lokaci muna magana ana kiran salla, in ji shi a wayar, in kuma jiyo shi sama-sama da ɗaya kunnen idan iska ta kaɗo daga cikin gari.

Sansanin wani fili ne a bayan gari da aka zagaye da buhunan yashi da waya mai ƙaya. Rayuwarsa ba ta da wani fasali. Ka tashi fareti, ka kwance bindiga ka goge ka mayar, ka bi layin tankar ruwa da bokiti, ka ci shinkafa da wake mai tsakuwa da za ta iya cire maka haƙori, ka yi faɗa a kan soket idan an tayar da janareta. Da rana tanti ya zama tanderu, sai kowa ya kwaso tabarma zuwa gindin itacen nan da Kanawa ke ce wa darbejiya. Mu bedi muke ce masa, amma ko wannan sai da na haɗiye. Na ari Kananci na yafa. Na daina cewa hwara sai fara, na daina tahiya sai tafiya, na daina zamna sai zauna. Bakina har ciwo yake yi da yamma.

Mutum ɗaya ne bai bar ni na sha ruwa da wannan Kanancin ba, wani Kofur Banufe da muke tanti ɗaya tun gabas. Gajere ne, kakkaura, ya iya Hausa kamar jakin Kano. Kowa ya san abin da ke tsakanin Banufe da Bakatsine. Wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kuma duk abin da abokin wasanka ya gaya maka ba ka fushi, sai dai ka rama. Wanda ya kasa ramawa shi ne bawan. Tun da ya ji ina tauna harshe ya samu abin yi.

"Bawana," in ji shi, "zo ka wanke mini safa, in saya maka fara ta hamsin. A'a, yi haƙuri, hwara."

"Banufe ɗan kifi," in ce masa, "ku da aka haifa a kwalekwale mene ne naku da safa?"

A cikin tanti ne wannan, ba mai ji sai mu. Shi kaɗai na gaya wa unguwarmu da ciwon Hajiya, don a gabas ya taɓa jan ni a ƙasa da kwalar riga ya fitar da ni daga motar da ke cin wuta. Mutumin da ya yi maka haka ba ka ɓoye masa sunan lungunku.

Da damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi, sai aiki ya ɓaci. Wata safiya muka fita sintiri a kan hanyar yamma, motoci a jere, ina bayan ta ƙarshe. Mun zo wani kwari da ruwa ya cinye hanya, direban gaba ya rage gudu, sai gonar ta buɗe mana wuta daga dama da hagu. Ban ga kowa ba. Ganyen dawa kawai na gani yana tsinkewa yana tashi sama, gilashi yana zubowa. Wanda ke kusa da ni ya buɗe baki zai yi magana, harsashi ya shiga ta kumatunsa ya tafi da haɓarsa gaba ɗaya, ya zauna yana kallona da idanu a buɗe, harshensa na reto a kan ƙirji. Na faɗa ƙasa na yi ta harbi cikin dawa har bakin bindigar ya ƙona mini hannu. Ban san ko na sami kowa ba. Da suka ga dama suka hau baburansu, muka ji ƙararsu tana nisa.

Mu muka kwashi namu. Direban gaba ya ƙone a kan sitiyari, sai da muka ɓamɓaro shi, fatar hannunsa ta zauna a wurin. Wani ɗan Filato da gadonsa ke jikin na Banufe, wanda suke raba sabulu da man shafawa, mun same shi a cikin kwari sun bi shi da adda bayan harsashi, sun cire masa takalma. Banufe ne ya ɗauko shi a kafaɗa. Da muka dawo sansani aka ba mu bokitai mu wanke bayan motoci, jini ya bi ruwa ya taru a gindin bedi, ƙudaje suka yi kwana da kwanaki a wurin. A nan dai muka ci gaba da shimfiɗa tabarma, don babu wata inuwar.

Daga ranar Banufe ya yi shiru. Ba bawana, ba fara, ba komai. Ya zauna a bakin gado yana goge bindigar da ya riga ya goge. Na tsokane shi da kifi, na tsokane shi da kwalekwale, ko kallona bai yi ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don na ga irin wannan shirun a gabas kuma na san inda yake kai mutum.

Ana cikin haka 'yan sintiri suka kamo wani mutum a kan barauniyar hanya kusa da kwarin nan, da babur, da jarkokin fetur, da buhu cike da burodi. Kowa ya san wa ake kai wa fetur da burodi a daji. Magidanci ne, siriri, da ɗan gemu, sanye da irin rigar ruwan da 'yan acaɓa ke sawa. Kafin a iso da shi sansani an riga an fasa masa baki. Aka ɗaure shi a jikin bedi da tsakar rana. Kyaftin ɗinmu mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, sai aka kira ni tafinta. Na ja takunkumi har ƙarƙashin ido, na sa hular kwano, na fito da Kanancina.

Ba zan yi wa kowa kwalliya ba. An doke shi da wayar wuta har rigar ta manne da bayansa, an sa gindin bindiga an farfasa masa yatsun ƙafa, wani da ƙaninsa ke cikin waɗanda muka kwaso ya zo ya taka masa wuya sai da aka janye shi. Ni ma ban ji tausayinsa ba a lokacin, haɓar sojan nan na bayan mota nake gani. Ina tsaye ina juya tambaya ina juya amsa. Bai yi gardama ba. Ya ce eh, shi ke kai musu. Ya ce acaɓa yake yi a cikin gari, wajen Babbar Kasuwa yake tsayawa, amma iyayensa na ƙauye, kuma an gaya wa ƙauyen ko a riƙa kawo mai ko a tashe su da wuta. Ya ce bai san za a tare mu ba. Kyaftin ya ce ƙarya yake, aka ƙara masa. Can ya sume, kansa ya faɗo a ƙirji.

Aka ce a kawo ruwa. Banufe ne ya kawo, ya sheƙa masa bokitin a ka, ya tsaya yana jin yadda nake lanƙwasa harshe ina cewa ka faɗi gaskiya, ka faɗa mana. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa, karo na farko tun ranar kwari.

"Bawana ɗan Gobarau," ya ce, "wannan Kanancin naka na jabu ko akuya ba za ta saya ba. Ce fara mu ji."

Wallahi daɗi ne ya kama ni. Abokina ya dawo. Kuma in abokin wasa ya jefe ka a gaban mutane, bakinka ba ya jiran izininka.

"Kai tahi can, Banuhe ɗan kihi," na ce, "mi ka sani? Hwara ta hi ƙarhinka."

Da muryata na faɗa, ta gidanmu, wadda nake magana da uwata da ita. Sojojin da ke wurin suka yi dariya. Mutumin da ke ɗaure ya ɗago kai a hankali, ruwa da jini na bin gemunsa. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, da ɗayan ya dube ni.

"Malam soja, ina wuni," ya ce.

Na ƙara jan takunkumi sama.

"Ina gajiya. Ya aiki, ya haƙuri da mu. Ashe ɗan gida ne." Ya tofar da jini a gefe don kada ya taɓa mini takalmi. "Ya ƙahwar Hajiya? Jiya ya kamata in kai ta asibiti wankin gyambo. Ni ne ke latsa mata waya in za ta kira ka."

Sai na tuna muryar. Duk sanda wayata ta yi ƙara daga gida, akwai namijin da ke fara cewa salamu alaikum, ga Hajiya. Ban taɓa tambayar ko wane ne ba. Na ji fitsari na neman kufce mini a gaban kowa.

Kyaftin ya tambaye ni me ya ce. Na ce gaisuwa ce, Oga. Ya yi tsaki ya ce mutanen nan ko a bakin kabari sai sun yi gaisuwa, ya juya ya tafi, ya bar umarni a kai shi gadurum, ɗakin da muke tsare masu laifi, gobe a miƙa shi ga hukuma a cikin gari.

Abin da na gaya wa Kyaftin gaskiya ne, gaisuwa ce. Mu Katsinawa ko mun zo kashe aure sai mun tambayi gajiya da iyali da mai jiki, kuma wanda ya san uwarka ba ta da lafiya ya gan ka bai tambaye ta ba, ba shi da tarbiyya. Amma na kuma san yadda ɓarayin daji ke yi idan sun kira mutum a waya. Su ma da gaisuwa suke farawa, a tsanake, su tambayi matarka, su tambayi 'yarka ta makarantar kaza, don ka san sun san ƙofar gidanka. Na juya maganar nan a kaina har kaina ya yi zafi. Roƙona yake yi, ko gargaɗina, ko kuwa kawai ya ga ɗan Hajiya ya gaishe shi? Mun kuma sha miƙa mutane mu sake ganinsu a kan hanya kafin wata ya mutu. Ko da shi mutumin kirki ne, ranar da ya koma daji da jarka aka tambaye shi me ya gani a sansani, aka ɗora masa wuƙa a wuya, me zai ce?

Bayan la'asar Banufe ya same ni a wurin alwala. Ya tsuguna kusa da ni, bai ɗauki buta ba.

"Ɗan'uwa," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba. "Bakina ne ya jawo."

"Nawa ma ya taya," na ce. "Bar shi. Zan nemi izini in kwashe ta in kai ta Kano wurin ƙanwata."

"Tsohuwar da ka ce ko Makka sai da aka yi mata taron dangi ta yarda ta bar ɗakinta? Kuma wa zai ba ka izini a wannan watan?"

"Na ce ka bar shi. Kada ka kuskura ka yi wani abu. Mutumin nan shi ke ɗaukar uwata."

"Shi ke ɗaukar fetur ɗin da aka ƙona direbanmu da shi," ya ce, ya tashi.

Na je wurin Saje neman izinin kwana ɗaya, ya kore ni kamar kare. Na kira ƙanwata, wayarta a kashe.

Washegari da hantsi ina gadin ƙofa aka fito da mutumin, hannu a ɗaure ta baya, ba ya iya taka ƙafa sai da aka cicciɓe shi aka jefa a bayan mota. Cikin masu rakiya na ga Banufe, alhali ba sunansa aka kira ba, musanya ya yi da wani. Na yi masa tsawa daga inda nake, ya kau da kai. Soja ba ya barin ƙofa. Ni na ɗaga musu shingen da hannuna. Da motar ta zo wucewa mutumin ya ɗaga mini haɓa, irin sallamar da ake yi wa wanda aka sani.

Ko shayin da aka miƙo mini bai huce ba motar ta dawo. Suka ce ya diro ya ruga cikin dawa, dole aka harbe shi. Mutumin da aka farfasa wa yatsun ƙafa. Na leƙa bayan motar. Yana kife, harsashi ya shiga ta ƙeya ya fito ta goshi, an kwance igiyar amma shatarta na nan a wuyan hannunsa. Kyaftin ya dubi gawar ya dubi Banufe, ya ce a rubuta yadda suka faɗa.

Ana canza ni na nufi tanti. Na sami Banufe yana cire takalmi. Na cire hular kwano na maka masa a baki, na ji haƙori ya karye. Na hau kansa na yi ta duka, ina zaginsa da duk ashar da na sani, cikin Katsinanci tsantsa, ban damu da wa ke ji ba. Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ko hannu bai ɗaga ba. A garinmu ana cewa wanda ya fitar wa abokin wasa jini ya jawo wa kansa abin da ba ya wankuwa. Na fitar masa, ya jiƙe mini hannun riga. Da aka ɓamɓare ni daga kansa ya tofar da guntun haƙorin, ya ce, "Yanzu dai tsohuwa za ta yi barci." Na kwana a gadurum ɗin da mutumin ya kwana, a kan jininsa da ya bushe. Har muka rabu ni da Banufe ba mu ƙara wasa ba. Na tsane shi, kuma wani ɓangare na zuciyata ya sami sauƙi da abin da ya yi, wannan ya sa na ƙara tsanarsa.

Sai da kaka ta yi, aka ce za a sake kwashe mu, sannan na sami izinin wuni ɗaya. Na sa kaftani da hula, na shiga gari ta tasha kamar wanda ya sauko daga doguwar tafiya. Lungunmu na nan yadda na bar shi. Na yi sallama, na tarar da Hajiya a tsakar gida a kan tabarma, ƙafar a miƙe an naɗe ta da tsumma. Tun daga zaure na ji warinta.

Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma nuna murna a gabana. Ta kau da kai ta ce, "A'a, mutanen gabas ne? Kun sha hanya." Muka gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi abokan aiki, ta sa 'yar haya ta kawo mini hura. Na ɗaga tsumman na ga gyambon ya ci har ƙauri, gefensa ya yi baƙi. Na tambaye ta yaushe rabonta da asibiti.

"Tun damina," ta ce. "Yaran nan na yanzu ba su shigowa lungu, kuma gudu gare su kamar an koro su. Da akwai wani bawan Allah da ke zuwa har ƙohwar ɗaki, shi tallabe ni shi ɗora, shi jira a gama shi maido ni. Ranar da babu, cewa yake Hajiya bar shi. To rana ɗaya ya ɓace. Matarshi ta zo nan da goyo tana kuka, ta ce an ce sojoji sunka kama shi, sun zagaya ko'ina ba labari."

Na ajiye kwanon hura a gefen tabarma.

"Kai da ke cikinsu, ka san manya," ta ce. "Ka tambaya mani. Ya san ka hwa, shi ke kira mani kai. Kullum cewa yake, Hajiya, in soja ya zo gida ki haɗa mu mu gaisa."

"To, Hajiya," na ce. "Zan tambaya."

Na durƙusa na goya ta, ba ta fi nauyin buhun dusa ba, na fita da ita bakin titi neman abin hawa. Muna tafe a lungu tana kwatanta mini shi a kunne, siriri ne, mai ɗan gemu, don kada in manta in na je tambaya.